Kafin A Sayar Da Masara A Sayi Kyamara

Duk wanda ya halarci ɗaurin aure ko bikin godiya na kaka a garuruwanmu na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa a 'yan shekarun nan, ya ga yadda aikin ɗaukar hoto ya canja hannu. A da sai an aika Kano ko Zariya an kira mai hoto, ya zo da fim mai cin hoto 36, yana ɗauka yana ƙirgawa kamar mai awon hatsi a shekarar fari, sa'an nan a zauna jiran mako biyu ko uku kafin a ga abin da aka wanko. Yau kuwa 'ya'yanmu ne da kansu suke wannan aiki. Yawancinsu da waya suka fara, suka ga akwai abinci a ciki, yanzu kuma suna so su riƙe kyamara ta sosai. Haka nan ƙungiyoyin matasa da kwamitocin ikilisiyoyi suna shawarar haɗa kuɗi su sayi tasu, domin su huta da haya.

Kuɗin nan ba daga sama yake faɗowa ba. Masara ce ta Doguwa, shinkafa ce ta Tudun Wada, dawa ce ta Kiru da Bebeji, wani lokaci ma sai an kai bijimin huɗa kasuwa. Sa'an nan yaro ya hau mota a Kwanar Dangora ya nufi Kano da kuɗin a aljihu, ya isa shago, a jera masa kyamarori uku da suka yi kama da juna, a ce masa wannan ful-firem ce, wannan APS-C ce, waccan kuma Micro Four Thirds, kuma wai in ba ta farkon ba ce, to, ba ta ƙwararru ba ce. A nan ne kuɗin noman shekara guda yake iya narkewa cikin minti goma. Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna mu warware abin da waɗannan sunaye suke nufi, da inda girman yake da amfani, da inda ba shi da shi.

Madubin da aka cire

Kyamarorin da muka saba gani a hannun masu hoto, manyan baƙaƙen nan na Canon da Nikon, suna da ɗan madubi a ciki. Haske yakan shigo ta gilashin gaba, wanda masu sana'ar suke kira lens, ya bugi madubin, madubin ya tura shi sama zuwa tagar da mai hoto yake leƙawa. In aka danna, madubin ya ɗaga, hasken ya wuce ya faɗa a kan sansa, wato ɗan allon nan mai kusurwa huɗu da ya maye gurbin fim. Ƙarar "ƙaras" da muke ji, rabinta ta madubin ce.

A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fito da Lumix G1, wadda aka cire wa madubin ɗungum. Haske yana faɗawa a kan sansa kai tsaye, mai hoto kuma yana kallon ɗan talabijin ƙarami a cikin tagar, yana ganin hoton yadda zai fito tun kafin ya danna. Olympus ya bi baya a 2009, Sony a 2010, Fujifilm a 2012. A 2013 Sony ya sa babbar sansa a cikin irin wannan kyamara, ya kira ta A7, a 2018 kuma Canon da Nikon suka shigo sosai da EOS R da Nikon Z. Daga nan akalar kasuwa ta juya, kusan duk sabon abin da ake ƙerawa yanzu marar madubi ne.

To, sansar nan ita ce ba girmanta ɗaya ba. Ful-firem tana da tsawon milimita 36 da faɗin 24, daidai da fim ɗin da kyamarar Leica ta Jamus ta yaɗa tun daga 1925. In kuna son ku ga girmanta da ido, ta ɗan ɗara katin ajiyar hoto na SD kaɗan. APS-C tana wajen milimita 23.5 da 15.6 a Sony da Nikon da Fujifilm, ta Canon kuwa ta ɗan gaza haka, 22.3 da 14.9. Wato kusan girman babban katin sim na da, kafin a fara yanke shi. Micro Four Thirds, ta Panasonic da Olympus, milimita 17.3 ce da 13. In aka auna fili, babbar ta ninka matsakaiciyar sau biyu da ɗan ɗori, ta ninka ƙaramar kusan sau huɗu. Amma kada a rena ƙaramar, gama ita ma ta ninka sansar yawancin wayoyin da ke aljihunmu sau da yawa.

Daro, kwano da bakin indararo

Haske kamar ruwan sama yake. In aka ajiye daro da kwano a tsakar gida, a cikin lokaci ɗaya daro zai tara ruwa fiye da kwano. In ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, dukansu za su cika, ba wanda zai damu da girma. Sai ranar yayyafi ne ake sanin daro ya fi. Haka sansa take. Da rana tsaka, a filin biki, a ƙarƙashin rumfa, ko a bakin gona, da wuya mutum ya bambance hoton babba da na ƙarama, ko da an wanke su an ajiye kusa da juna. Bambancin yana fitowa ne a cikin duhu: majami'ar ƙauye mai ƙananan tagogi, ɗakin amarya, taron daren shiga sabuwar shekara da ƙwan lantarki biyu a kan janareta. A nan hoton ƙaramar sansa yakan fara yin tsaki-tsaki, launin fuska ya dusashe, alhali na babbar yana nan sumul. Wannan gaskiya ne, ba ƙaryar mai shago ba ce.

Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, ruwan ba daga sama yake zuba cikin daron kai tsaye ba, ta indararo yake biyowa, indararon kuwa shi ne gilashi. Kowane gilashi yana da ƙofa a ciki, ana kuma rubuta faɗinta da lamba mai harafin f a gaba. Ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashin da aka fi haɗawa da Sony A7 III a kwali ɗaya, mai 28-70, ƙofarsa f/3.5 ce, in kuma aka jawo abu kusa sai ta tsuke zuwa f/5.6. Gilashi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na mai f/5.6. Lissafin ba wuya: a raba 5.6 da 1.8, a sami 3.1, a ninka 3.1 da kanta, a sami kusan 10. Babbar sansa ta fi matsakaiciya da ninki biyu da ɗan ɗori ne kawai. Ashe ke nan wanda ya ƙarar da kuɗinsa a kan ful-firem, ya rage masa sai gilashin kwali, a cikin duhu, in ya jawo abu kusa, yana tara kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na hasken da abokinsa mai APS-C da gilashin f/1.8 yake tarawa. Ya sayi daro ya ajiye shi a bakin toshesshen indararo.

Gaskiya kuma ita ce, in mai ful-firem ya ƙara kuɗi ya sayi nasa gilashin f/1.8, ya sake wuce abokinsa. Ba mu ce babba ba ta fi ba. Abin da muke cewa shi ne a yi lissafin kayan aiki gaba ɗaya, ba na jikin kyamara kaɗai ba. Sa'ad da A7 III ta fito a 2018, kusan dala 2,000 aka sa mata a Amurka ba tare da gilashi ba. Ƙanwarta a6400, mai APS-C, ta fito a 2019 a kan wajen dala 900. Dukansu megafiksel 24 ne. Tazarar dala 1,100 ce. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a watan Fabrairu na 2024 kuwa ta haura 1,500, wato a wancan lokaci tazarar ta wuce naira miliyan ɗaya da rabi. Farashi ya sauka a kasuwar ta hannu, amma ratar tana nan. Da wannan rata ake sayen gilashi mai babbar ƙofa, da fitilar walƙiya, da batir biyu ko uku, da katin ajiya na kirki, a kuma yi saura. Fitilar walƙiya ɗaya da aka iya harbawa a jikin farin bango ko silin, tana gyara hoton cikin ɗaki fiye da duk wani ƙarin girman sansa.

Hoton mawaƙa da hoton amarya

Akwai wani wuri kuma da fifikon babbar sansa yake ɓacewa, shi ne kuwa aikin da muka fi yi: hoton jama'a. A ce Zumuntar Mata ce ta jeru layi huɗu cikin anko, ko ƙungiyar mawaƙa, ko dangin ango da na amarya su hamsin. Kowa yana so fuskarsa ta fito tas, daga na tsugune a gaba har na tsaye a kan benci a baya. In aka buɗe ƙofar gilashi sosai, layi ɗaya ne kawai zai fito garau, saura su yi hazo. Babbar sansa kuma ita ta fi saurin yin wannan hazo. Domin kowa ya fito, mai ful-firem sai ya tsuke ƙofa, mu ce zuwa f/8. Mai APS-C zai sami irin wannan zurfi a wajen f/5.6, mai Micro Four Thirds kuwa a f/4. Da zarar an yi haka, hasken da kowannensu yake tarawa ya zama kusan ɗaya. Babban daro da tsukakken indararo, ƙaramin kwano da buɗaɗɗen indararo, an yi kunnen doki.

Inda babbar take haskawa shi ne hoton mutum ɗaya ko biyu. Amarya ta fito tas, abin da ke bayanta, da kujerun roba da igiyar shanya da babur ɗin maƙwabci, duk su narke su zama launi kawai. Wannan salo ne amaren yanzu suke so, suna kuma biya dominsa. Ful-firem tana yin sa cikin sauƙi. Matsakaiciya ma tana yi in an sa mata gilashi irin su 50 mai f/1.8 ko 56 mai f/1.4, aka kuma janye amarya nesa da bango. Ƙaramar ce take ɗan wahala a nan, ko da yake gilashin Olympus na 45 mai f/1.8 ya daɗe yana fid da masu ita kunya.

Har wa yau akwai matsalar farar rigar amarya da baƙar kwat ta ango a ƙarƙashin ranar watan Maris. Ko rigar ta ƙone ta zama fari fat ba ado, ko fuskoki su yi baƙi ƙirin. Babbar sansa tana da ɗan ƙarin haƙuri a nan. Amma inuwar mangwaro ko ta darbejiya ta fi ta iya wannan aiki, ba ta kuma karɓar ko kwabo.

Batun megafiksel ba za mu daɗe a kansa ba. Hoto mai megafiksel 24 ya isa a wanke shi ya kai inci 20 da 13 ba tare da ya fashe ba, mai 20 ma bai gaza da yawa ba. Yawancin hotunanmu kuwa a WhatsApp da Facebook suke ƙarewa, inda ake matse su su ƙanƙance.

Nesa da kusa

Ƙaramar sansa tsakiyar abin da gilashi ya kawo take ɗauka, ta bar gefe-gefe. Saboda haka abu yakan yi kamar ya matso. A APS-C ana ninka lambar gilashi da 1.5, a Canon da 1.6, a Micro Four Thirds kuwa da 2. Wannan yana cutarwa, yana kuma amfani.

Yana cutar wanda ya ji an ce gilashin 50 shi ne na kowa da kowa, ya saya ya ɗaura a APS-C. Ya zama kamar 75. Ya shiga ɗakin amarya ya yi ta ja da baya har ƙeyarsa ta bugi bango, mutum uku ma ba su shiga ba. Mai APS-C gilashin 23 zuwa 35 ne nasa na yau da kullum, mai Micro Four Thirds kuma 17 zuwa 25. A riƙe wannan da kyau, gama kuskure ne da ake yawan yi.

Amfanin kuwa yana wurin mai ɗauka daga nesa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan a ƙasar Bebeji da masuntanta da zalɓe da kirinjijiya. Ga tafkin Bagauda. Ga dajin Falgore da hanyar Jos ta ratsa tsakanin Tudun Wada da Doguwa, ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wanda zuciyarsa take wajen tsuntsaye da namun daji, ko wasan ƙwallo na makarantu, ƙaramar sansa abokiyarsa ce. Gilashin Panasonic na 100-300 yana ba shi kusancin 600, nauyinsa kuma giram 520 ne. Domin a sami wannan kusanci a ful-firem ta Sony, gilashin 200-600 ake ɗauka, mai nauyin fiye da kilo biyu. Hoton babban ya fi kyau da asuba ko da almuru, babu shakka, amma sai an ɗauke shi an kai shi wurin tukuna. Mu ƙara da cewa dajin Falgore ba wurin da mutum zai rataya kyamara ya faɗa shi kaɗai ba ne, sai da sanin hukuma da rakiyar wanda ya san wurin.

Ko a aikin biki ma nauyi abin dubawa ne. A7 III giram 650 ce, gilashinta na ƙwararru na farko, 24-70 mai f/2.8, giram 886, jimla ya wuce kilo ɗaya da rabi. Ita kuwa a6400 giram 403 ce, gilashin Sigma na 18-50 mai f/2.8 giram 290, duka bai kai giram 700 ba. Wanda zai hau babur a hanyar burji tun da sassafe, ya tsaya a ƙafa daga shigar ango har rakiyar amarya, wuyansa zai gaya masa bambancin.

Ƙura, zafi da wuta

Waɗanda suke rubuta sharhin kyamara a Turai da Amurka ba su san hunturunmu ba. A tsohuwar kyamara, madubi da labule suna tare sansa in an cire gilashi. A yawancin marasa madubi kuwa, da an cire gilashi ga sansa nan tsirara tana kallon mutum. Daga Disamba zuwa Fabrairu, buɗewar daƙiƙa biyar a fili ta isa ƙura ta zauna, daga nan kowane hoto ya fito da ɗigo-ɗigo a sararin sama ko a farar riga. Olympus ya fara sa abin girgiza ƙura a kan sansa tun 2003, nasa kuma ya yi suna wajen aiki. Canon EOS R tana rufe labulenta in an kashe ta. Amma maganin gaske shi ne a rage canja gilashi, in ya zama dole a shiga ɗaki, a kashe kyamara, a kifa bakinta ƙasa. A sayi 'yar robar hura iska. Kada a hura da baki, kada a goge da gefen riga, gama ƙurar hunturu tana kankare gilashi. Mutanen Doguwa kuma, inda damina ta fi ta birnin Kano nauyi, su kula da raɓa da laima, domin fumfuna tana tsirowa a cikin gilashin da aka kulle a jaka mai damshi.

Wuta ita ce ta biyu. Marar madubi tana shan batir, domin ɗan talabijin ɗinta kullum a kunne yake. Bisa ga awon da kamfanonin Japan suke amfani da shi, tsohuwar Nikon D750 mai madubi tana ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, A7 III wajen 700, a6400 kuwa wajen 400. Ba girman sansa ne ya kawo wannan ba, girman batir ne, shi ya sa a6600 da a6700, ko da yake APS-C ne, suna amfani da babban batir irin na A7 III. A garin da wutar lantarki take zuwa kamar baƙo, a tambaya ko kyamarar tana karɓar caji ta USB daga batirin cajin waya ko daga sola. Waɗannan biyu na Sony da muka ambata suna karɓa.

Wanda zai ɗauki bidiyo ya ƙara tambaya uku. Kyamarori da yawa na kafin 2019 suna tsayawa da kansu in sun kusa cika minti 30, saboda wani haraji da Tarayyar Turai take ɗora wa na'urorin bidiyo a lokacin. A7 III tana cikinsu, a6400 ba ta ciki, haka ma Panasonic GH5 ta 2017, mai ƙaramar sansa. Taronmu kuwa ba mai ƙarewa a minti 30 ba ne. Na biyu, a duba ko akwai ramin sa makirufo, gama Sony a6000 ta 2014, wadda take da araha a kasuwar ta hannu, ba ta da shi. Na uku shi ne zafi. A watan Afrilu, sa'ad da awon zafi yake kai 40, wasu kyamarori suna ɗaukar zafi su mutu a tsakiyar aiki, musamman masu ƙaramin jiki in ana ɗaukar bidiyo mai nauyi.

Gidan da aka rufe

Mai sayen kyamara shiga dangi yake yi, domin gilasan wani gida ba sa hawa bakin kyamarar wani. Wasu gidaje kuwa an riga an rufe su. Samsung ya daina fito da sababbin kyamarorin NX bayan 2015. Nikon ya tsai da jerin Nikon 1 a 2018. Canon ya bar jerin EOS M a 2023, har da M50 da ta yi farin jini, gilasanta kuma ba sa hawa sababbin kyamarorin R. Waɗannan duka suna yawo a kasuwar tokumbo da farashi mai jan hankali. Suna ɗaukar hoto lafiya, amma ranar da gilashi ya fashe ko batir ya mutu, neman wani zai ƙara wuya kowace shekara. Araha ba ta ado.

Olympus ma ya sayar da sashen kyamararsa, tun 2021 sabon kamfani ne yake ƙera su, yanzu kuma da sunan OM System. Shi dai wannan gida a buɗe yake, Panasonic kuma yana ci gaba da nasa, gilasansu kuwa suna hawa na juna. Sai dai a kula, sunan Lumix yana kan iri biyu: jerin G ƙaramar sansa ce, jerin S da ya fara a 2019 ful-firem ne, gilasansu ba sa musaya. A Sony da Nikon Z da Canon R, bakin matsakaiciya da na babba ɗaya ne, saboda haka wanda ya fara da APS-C zai iya hawa sama daga baya. Amma in ya ɗaura gilashin APS-C a kan ful-firem mai megafiksel 24, wajen 10 ne kawai za su yi aiki.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci ga mutumin ƙauye: me abokan sana'arsa suke riƙe da shi? In masu hoton da ke kusa da kai Canon suke amfani da ita, za ka sami aron batir ranar da naka ya ƙare, za ka sami hayar gilashi, mai gyara a Kano ma ya saba da ita. Kyamarar da ta fi kowace kyau a takarda, in sai an aika Legas kafin a samo mata caja, ta zama kaya.

To, wace ce tamu?

A ganinmu, ga matashin da yake fara sana'a, da kuma ƙungiyar da za ta saya da kuɗin jama'a, APS-C ce daidai ruwa daidai tsaki. Sony a6400, Nikon Z50, Canon R10 ko R50, ko wata daga jerin X na Fujifilm, kowace ta isa, muddin an haɗa ta da gilashi ɗaya mai babbar ƙofa da fitilar walƙiya. A ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗin domin waɗannan tun kafin a shiga shago, in ba haka ba jikin kyamara zai cinye duka.

Ful-firem ta wanda aiki ya riga ya kama ne, wanda yake da biki kusan kowace Asabar, yana ɗaukar liyafar dare a Kano ko Zariya, masu biki kuma suna biyan kuɗin da zai mayar masa da jarinsa. Shi ma ya dubi wani abu da ya fi girman sansa: ramin kati biyu. A7 III da Nikon Z5 suna rubuta hoto a kati biyu lokaci ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗayan yana nan. Canon R8 ful-firem ce amma raminta ɗaya. Ɗaurin aure ba a maimaita shi domin katin mai hoto ya mutu. Micro Four Thirds kuwa ta mai dogon bidiyo ce, da mai tsuntsaye, da mai yawan tafiya. Wanda kuma yake da tsohuwar mai madubi tana aiki lafiya, kada ya yar da ita domin an ce yayinta ya wuce, ya sayi gilashi mai kyau ya ci gaba.

In kuɗin jama'a ne, a rubuta rasit da sunan ƙungiya, a rubuta lambar jikin kyamara da ta gilashi a littafin sakatare, a kuma yanke tun farko wanda zai riƙe ta da abin da za a yi in ta lalace a hannun mai aro.

Ranar saye, musamman in ta hannu ce, a tafi da katin ajiya na kai da wani wanda ya san aikin. A tsuke ƙofa zuwa f/16 a ɗauki farin bango, duk ƙura ko tabon da ke kan sansa zai bayyana. A haska fitilar waya ta cikin gilashi a duba fumfuna. A nemi lungu mafi duhu a shagon a ɗauki fuskar mutum, a buɗe hoton a kwamfuta, ba a ɗan allon bayan kyamara ba. A kunna bidiyo a bar shi yana tafiya minti ashirin ana ciniki, a ga ko za ta yi zafi. A duba harshen da ke cikinta kuma, domin wasu kyamarorin Sony da Panasonic da aka yi domin kasuwar cikin Japan, Japananci kaɗai suke nunawa, ba kuma wurin da za a danna a mayar da su Turanci.